Sobiyar Bana

Ɗaso ta ɗaga murfin bokitin, sai abin da ke ciki ya ce mata "fuuu". Ta ja da baya ta dafe ƙirji. Kumfa ce ta taso har baki, tana ɗan motsi kamar mai numfashi, ga wani wari mai kaifi. Ta sake sunkuyawa ta shinshina, don ita Ɗaso tun tana yarinya ba ta ganin abu ta ƙyale shi. Ai kuwa ta gane warin. Tana ƙarama, a wata kasuwar ƙauye can bayan Rano, mahaifiyarta ta taɓa fizgar hannunta suka wuce wata rumfa da sauri, inda wasu mutane ke zaune da ƙoƙuna suna ta dariya da rana tsaka.

"Innalillahi," in ji ta. "A Makka? A ɗakina?"

Ita fa sobiya ta yi niyyar yi. Ga wanda bai zauna ƙasar nan ba, sobiya abin sha ne na mutanen Hijaz, da sha'ir da busasshen burodi ake yin ta, a sha da sanyi, kuma kasuwarta takan buɗe ne in azumi ya ƙarato. Ɗaso kuwa kunun zaƙi ta iya. Shi take yi tun shekarar da ta zo aikin Hajji daga Kano ta yi zamanta, shi ya riƙe ta a unguwar Tandabawi, da shi ta reni 'yarta, da shi kuma ta reni jikarta Shifa bayan 'yar ta rasu. Kununta daban yake da na kowa, saboda takan gasa citta da kanumfari a kasko sai sun kusa ƙonewa kafin ta daka. Haka ta ga uwarta na yi.

To, yau da yamma mahaifiyar Ameer, saurayin Shifa, za ta zo da 'yan'uwanta mata su ga yarinya. Tun makon jiya Shifa ke lallaɓa ta kada a kawo wa baƙi kunu. Rabon yarinyar da ta sa shi a baki tun shigarta makaranta, inda 'yan ajinsu suka yi mata dariya a kan gorar da ta je da ita. Ita so take ta sayo sobiyar da wani sabon shago a unguwar Hindawiyya ya fito da ita bana, wadda kowa ke ɗaukar hotonta a waya. Ɗaso ta ce baƙon da ya tako gidanta ba zai sha abin hannun wani ba, in sobiya suke so ita za ta yi. Ta jiƙa sha'ir da burodi. Da ta ɗanɗana ta ji salam, sai ta watsa tsiron gero kamar yadda take wa kunu don ya yi zaƙi, ta rufe ta ajiye a lungun murhu inda ya fi ɗumi. Kun kuwa san ɗumin Makka a ƙarshen Sha'aban.

Shifa ta leƙo daga ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta kira ta yadda yaran Makka ke kiran kaka.

"Ya Sitti! Esh hada? Mene wannan?"

"Sobiya ce, ta ɗan yi fushi."

"Halas, shi ke nan, Sitti, ni sayowa zan yi. Ummu Ameer ma ita take so, ta sabon shagon. Kowane dare sai an sayo mata."

"Angon nawa bai gaya wa uwarsa yana da mata tsohuwa mai hannu ba? Ki ba ni zuwa la'asar."

"Za ki yi me?"

"Zan je in ga masu yin ta. Ai ba daga sama take sauko musu ba."

Ta ɗura kaɗan a gorar ruwa ta ɗaure a leda, ta zura abayarta, ta kira Dauda. Dauda maƙwabcinsu ne mai ɗaukar fasinja da motarsa, shi ne ma kullum da safe yake ɗaukar mata jarkokin kunu zuwa wurin wani mai saye da yawa. Ba ta taɓa tambayarsa ko wane ne ba, ta ɗauka ma'aikatan ginin Harami ne, tunda kullum ana ta rushe-rushe da gine-gine.

Ba su yi nisa ba gorar ta kumbura a cinyarta. Tana cikin lallashin murfin ya fice, ya bugi rufin mota. Dauda ya shaƙi iska, ya waiwayo da ido waje.

"Inna Ɗaso, me kika ɗauko mini a mota?"

"Tambaya na ɗauko."

"Wannan tambayar in shurɗa, 'yan sandan nan, suka ji warinta, ni da ke sai dai a ji labarinmu a Kano. Ke ba igama, ba takardar zaman ƙasa, ni ga iyali!"

"Sauke gilashi ka daina surutu. Kai ni inda ake yin sobiya, duk wanda ka sani."

Suka fara da wani shago na mutumin Yaman kusa da titi. Manyan tukwanen gilashi ne a jere, sun yi raɓa don sanyi, da fara da ja da mai ruwan ƙasa. Ɗaso ta sa aka zuba mata kowace a ƙaramin kofi. Ta juya baya ta ɗaga nikabi ta kurɓi farar, ta riƙe ta a baki tana sauraron ta. Akwai kirfa, akwai hel ɗin nan da suke sa wa gahawa, can ƙasa kuma da ɗan tsami mai kunya. Jar kuwa zaƙi ne zalla, abin yara. Mai ruwan ƙasar tsamiya ce, ta yi mata murmushi kamar ta gamu da 'yar garinsu. Ta tambayi mai shagon yadda yake tsayar da tsamin kada ya wuce gona. Ya ɗaga hannu sama ya ce sirrin gida ne, ya juya ga na bayanta.

"Akwai wani tsoho," in ji Dauda da suka koma mota. "Ammi Salihu. Asalinsa namu ne, kakarsa da ƙafa ta zo. Shi ba ya rowar magana, sai dai ki gaji."

A wani lungu suka same shi, wanda mota ba ta shiga. Yana zaune bakin ƙofa da fanka a gefensa, bayansa randunan roba a jere cikin ɗaki mai sanyi kamar ƙanƙara. Hausarsa irin ta mutanen da ce, wadda Ɗaso ta daɗe ba ta ji ba. Ta miƙa masa gorar. Bai kai ta baki ba, ya dai kusanto da ita hanci, ya yi dariya har da tari. Sai ya tashi ya tuttule ta a magudana, ya bi ta da ruwa.

"Hajja, tsiro kika sa?"

"Kaɗan."

"Kuma kika aje ta wurin wuta?"

"Ai kunu ɗumi yake so."

"Kunu kwana guda yake yi ki tace shi ki sayar. Ita wagga in kin bar ta da ɗumi ba ta tsayawa, tafiya take har ta kai inda Musulmi ba ya zuwa. Aikinmu duka gadi ne. Da ta fara tsami sai mu kai ta sanyi, a sha a ranar, abin da ya saura a zubar. Taho ki gani."

Ya shiga da ita yana buɗe randuna ɗaya bayan ɗaya, wannan ta jiya, wannan ta yau, wannan kuma ta zabibi ce da yake gwadawa bana. Ɗaso ta manta da baƙi, ta manta da la'asar. Ta yi ta tambaya, wane irin burodi, me ya sa busasshe, da wane ƙyalle yake tacewa. Ya zuba mata ta zabibin, ta ce da sauranta, ya ce wallahi shi ma haka ya ce. Sai da aka kira azahar ta tuna abin da ya fito da ita.

"In na jiƙa yanzu, za ta yi zuwa yamma?"

"Ko kusa. Ki ɗauki tawa, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Ya gyaɗa kai, bai matsa ba. "Yanzu ma ai yara sun guje mu, suna can sabon shago. An ce abin da suka fito da shi bana ba sha'ir a ciki. Ban ɗanɗana ba, ƙafa ba ta kai ni."

Da suka yi salla suka fito, ta ce wa Dauda sabon shagon za su. Nan fa Dauda ya fara kame-kame. Wai hanyar a rufe take. Wai akwai cunkoso, wai ana binciken takardu a mahaɗar. Ta ce to ya sauke ta, ta ƙarasa da ƙafa. Ya ja mota yana ƙunƙuni.

Shagon duk gilashi ne da fitilu, samari sun yi layi har waje, mata na jira a nasu gefen. An manna babban hoton wani kofi mai murfi, an rubuta "Sobiyar Bana" da larabci. Ɗaso ta karɓi nata, ta ɗaga shi tana dubawa. Ba fara ba ce sol, ta ɗan yi duhu. Ta koma gefe ta kurɓa.

Sanyi ne ya fara zuwa, sai hel, sai sukari da ya yi yawa. Daga nan gero ya biyo baya, da dankali. Can a ƙarshe, a maƙogwaro, sai ga cittar da ta kusa ƙonewa a kasko.

Ta sake kurɓa don kada ta yi wa kanta ƙarya. Ta waiwaya ta dubi Dauda, shi kuwa ya dage yana kallon tayar motarsa. Ta bi gefen shagon ta leƙa ƙofar baya. Ga jarkokinta nan a kife suna shan iska, har da mai tsumman atamfa da ta ɗaure wa hannu.

"Inna, wallahi ba ɓoye miki na yi ba," in ji Dauda a bayanta. "Mai wurin na ɗauka wata rana, ya ga ina sha, ya ɗanɗana, tun daga nan yake saye. Ni kuma na ga ba ki tambaya ba."

Ya tsaya yana jiran faɗa. Ɗaso kuwa kofin take jujjuyawa.

"Hel ɗin nan, dakawa suke ko tafasawa?"

"Na'am?"

"Ya dace da shi. Duk shekarun nan ban taɓa tunanin sa wa ba. Sukarin ne dai suka yi hauka. Biya da ni wurin mai kayan ƙamshi."

Ta iso gida ta tarar Shifa ta share ɗaki ta turara, ta jera kofunan gilashi a faranti, har ta sa abaya za ta fita sayayya. Ɗaso ta wuce lungun murhu. Ta zubar da abin bokitin ta wanke shi tas. Ta buɗe firji ta fito da kunun da ta tace da asuba, ta daka hel kaɗan ta barbaɗa, ta saka ƙanƙara ta gauraya. Sannan ta ajiye kofin sabon shagon, wanda ta rage rabi, ta cika ludayi ta riƙe kusa da shi.

"Sha wannan tukuna."

Shifa ta ga tambarin shagon, fuskarta ta washe. Ta sha. "Aiwa, ita ce! Kin gani, Sitti?"

"Na gani. To sha wannan."

"Sitti, kunu ne fa."

"Na san sunansa. Kurɓa ɗaya, in bai yi miki ba ga Dauda can a waje bai kashe mota ba."

Yarinyar ta karɓi ludayin da yatsu biyu, ta kai baki kamar mai shan magani. Ta haɗiye. Ta dubi kofin, ta dubi ludayin, ta dubi tsohon kaskon da ke rataye a bango, wanda ƙaurinsa ke tashinta daga barci tun tana jaririya. Ta sake kurɓa, wannan karon ba wanda ya ce ta yi.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Ni ma yau na ji labari."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje, muryoyin mata suka cika zaure da sallama. Ɗaso ta ɗauko jug ɗin gilashi ta cika shi, ta ɗora a faranti.

"Ki ce musu sobiyar bana ce, ba ki yi ƙarya ba. Ni zan zauna nan, ina warin hayaƙi."

Shifa ta cire abayar ta rataye. Ta ɗauki farantin ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya, ta dawo ta ɗauki ludayin ta ɗora a gefen kofunan.

"In sun tambayi yadda ake yi ni ban sani ba," in ji ta, da Hausarta mai ɗingishi. "Taso mu je, Sitti. Ki zo da warin hayaƙin."