Matuƙin da Ya Haddace Allon Likita

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a falo, sai na yi wani mafarkin da har yanzu bai fita daga raina ba.

Bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ƙaramin jirgin feshi, ina korar tsuntsayen jan-baki daga gonakin shinkafa. Aiki ne na rufin asiri, amma duk matuƙin da ya ce maka ba ya ɗaga kai idan babban jirgi ya gifta, ƙarya yake yi. Bana wani babban kamfani ya kira ni, na ci jarrabawarsu, saura gwajin lafiya ranar Alhamis. Sai dai wata huɗu ke nan idona na hagu yana gani dishi-dishi, ta gefe kuwa ba ya ganin komai. Ban gaya wa kowa ba, har Saude matata. Abokina Lawandi, wanda ya riga ni zuwa wurin likitan, ya karanto mini haruffan allon gwajin ido, ni kuma na haddace su tsaf.

To a mafarkin Alhamis ta yi. Ofishin kamfanin yana cikin wata rijiya, da guga ake zura mutum, amma duk wanda ya isa ƙasa sai ya share gumi ya ce benen nan akwai tsawo. Na tarar da layin matuƙa, fararen riguna sun sha guga, kowa riƙe da idanunsa a ƙullin leda kamar wanda aka aika sayen manja. Nawa suna fuskata, sai kunya ta kama ni.

Likitan talo-talo ne, da abin awo rataye a wuyansa. Ya duba takarduna a juye.

"Malam Tukur, da wane ido ka zo?"

"Da duka biyun, likita."

"Na hagun ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, an yi masa rasuwa. Ba komai. Karanta mini layin ƙarshe."

Na ce a raina shi ke nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaga kai na dubi allon, sai na gan shi fari fat. Haruffan sun sauka sun tafi cin abinci, ga takalmansu nan a bakin ƙofa. Na rufe ido na zubo haddata tun daga sama har ƙasa, ko tuntuɓe ban yi ba.

Likita ya tafa fukafukai. "Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin mai ido irinka ba. Haruffan ma ba sa nan ka gan su!"

Ya buga mini hatimi a goshi. Wallahi a lokacin so nake ya kama ni, amma sai na ji bakina yana yi masa godiya.

Ina juyowa na tsinci kaina a kujerar kyaftin, da igiya huɗu a kafaɗa. Jirgin hawa biyu ne, can wajen wutsiyarsa kasuwa ce take ci. An ce mini fasinja ɗari uku ne, ban da masu talla. A kujerar dama wani dattijo ne zaune gaban keken ɗinki, yana ta takawa, ya ɗaure idanunsa da ƙyallen atamfa.

"Sannu da zuwa, Kyaftin. Ni ne Baba Ilu, mataimakinka. In na daina taka keken nan inji ya mutu, saboda haka kada ka ja ni da hira."

"Baba, ba ka duba taga?"

"A kamfanin nan wa yake duba taga? Duk mun haddace sama."

Muka tashi da baya. Ban ga laifin hakan ba, don shanun da ke kiwo a kan gajimare ma da baya suke tafiya. Na kama sitiyari da hannu biyu, na ce ashe dai abin ba wuya. Wannan kujerar nake hange tun ina ɗan makaranta, ga ta yau, har da laushi.

Sai rediyo ya yi kaki, wata murya ta ce, "Sanarwa. An ɗauke ɓangaren hagu na duniya an kai wanki. Sai Asabar za a dawo da shi."

Na waiga hagu. Babu fiffike, babu ƙasa, babu gajimare. Ko duhu babu, don duhu ma ai abu ne da ake gani. Na juya wajen dattijon.

"Baba Ilu, ka ji an ɗauke hagu?"

"Ni nawa yana nan," ya ce, bai daina taka keke ba. "Naka dai aka ɗauke."

Daga can cikin wurin da babu komai nake jin muryoyin fasinjojin da aka ba kujerun hagu. Ana buɗe kwanon abinci, wani yana tari, wata tana rarrashin jariri. A cikinsu na tsinci muryar Zulai, 'yata mai shekara bakwai, tana yi wa wata mata alfahari.

"Babana ne yake tuƙi. Shi ko tsuntsu ɗaya ne a gona sai ya hango shi."

Na ƙanƙame sitiyari. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko ranar da injina ya ɗauke a kan fadama.

Rediyo ya sake kaki. Wannan karon wani jan-baki ne daga hasumiyar filin jirgi, na san shi, na taɓa fesa wa danginsa magani. Bai riƙe ni a zuci ba, cikin ladabi yake magana.

"Kyaftin, lokacin sauka ya yi. Titin yana hagunka. Kana ganinsa?"

Na buɗe baki in ce ba na gani. Abin da ya fito haruffan layin ƙarshe ne, ɗaya bayan ɗaya.

"Karatu ya yi kyau," in ji shi. "Amma titi na tambaye ka."

Jirgi ya sunkuyar da kai. 'Yan kasuwar wutsiya suka fara tattara kayansu. Baba Ilu ya laluba keken ya ce, a natse, "Kyaftin, zare ya kusa ƙarewa, saura kamu ɗaya." Na sake gwadawa. Kalma uku ce kawai, in na faɗe ta wani zai karɓi sitiyarin, a sauke bayin Allah lafiya, a tuɓe mini igiyoyina. Na tattara ƙarfina duka na yi ihu, haruffan nan dai suka sake zubowa, har da ƙira'a. Zulai ta fara tafi. Injin ya ɗauki wata ƙara mai cika kunne, ƙasa tana tasowa ta ɓangaren da ba na gani.

Sai na farka. Ashe injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, mata sun kawo wake.

Na daɗe kwance ido buɗe, ina kallon silin, ina salati, rigata sharkaf da gumi. Sai na ji muryar Saude dab da kunnena na hagu, har na zabura.

"Baban Zulai, wai ba za ka karɓa ba ne? Hannuna ya gaji."

Na juyo da kaina gaba ɗaya. Tana tsaye riƙe da farar rigar da zan sa ranar Alhamis, ta goge ta.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da ka buɗe ido nake miƙo maka ita." Ta ƙura mini ido. "Ba ka gan ni ba?"

Na buɗe baki ina tsoron abin da zai fito.

"Ban gan ki ba, Saude. Wata huɗu ke nan."

Ta ninke rigar a hankali ta ajiye a kan kujera, sannan ta zagayo ta damana ta zauna.