Gethin Ya Hau Jirgi Ba Karensa

Minista ya tabbatar a rediyo cewa ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba za ta taɓa ko gashin naƙasasshe ɗaya ba. Bayan ficewar, Gethin Pritchard, wani makaho ɗan Birtaniya mai shekara saba'in, ya kama igiyar karen da ke masa jagora, ya nufi jirgin ruwa mai zuwa Dublin, wani birni a cikin Tarayyar Turai, inda ƙanwarsa ke kwance a asibiti.

"Baba, fasfon karen nan ya daina aiki tun da muka fice daga Tarayyar," in ji ma'aikaciyar tashar. "Sai da sabuwar takardar likitan dabbobi."

"Allah sarki, 'yata. Shi da ko ƙuri'ar ficewar bai jefa ba!"

Ya miƙa igiyar ga maƙwabcin da ya rako shi, ya zaro sandar da ya shekara tara bai riƙe ba, ya fara laluben matakalar jirgin.