Minti Arba'in da Biyar da Busasshen Baki

Shekara uku ke nan ƙodar yayana Tjeerd tana aiki a cikina. Maganin da ke danne garkuwar jikina don kada ta yaƙi baƙuwar ƙodar shi ya kumbura mini dasashi, har ya rufe rabin haƙorana. Wata ƙwayar kuma ta ƙafar da miyauna. In na yi maganar minti biyar, sai harshe ya manne a ganɗa.

Saura wata guda in kare kundin digirina na uku, Farfesa Hoekstra, mai duba aikina, ya kira ni ofis. Mu mutanen arewacin Holand muna taƙama da faɗar gaskiya tsirara, har wasunmu sun ɗauka rashin kunya ma ilimi ne.

"Sietske, bakin nan naki ba kyan gani," in ji shi. "A ɗaga ranar sai an yanke naman. Ko ki ɗan rage maganin na mako biyu."

"Farfesa, a kan gishirin ƙasar noma ka ƙware, ko a kan ƙoda?"

Ɗaga rana na nufin jiran wata tara kafin a sake samun gurbi a zauren kare kundi, aikin da aka ɗauke ni kuwa ba zai jira ba. Rage magani kuma ƙodar Tjeerd zai kashe. Na ce ranar tana nan.

Bisa al'ada mutum biyu ke tsayawa bayan mai kare kundi. Na zaɓi ƙawata da Tjeerd, wanda bai san komai ba sai shanunsa. Da ranar ta zo, ya bayyana cikin baƙar kwat mai jela ta aro, tana neman yagewa a kafaɗa.

"Ke rakiya kika yo, yarinya," ya raɗa mini. "Ƙodata ce za ta zama dokta yau."

"Riƙe mini ruwa, sarkin shanu."

Farfesoshi takwas suka jeru cikin baƙaƙen riguna, za su yi minti arba'in da biyar suna yi mini tambayoyi. Rabinsu bakina suke kallo, kamar a nan na rubuta babi na huɗu. Na yi rabin awa ina amsawa, ina kurɓa. Sai wani tsoho daga cikinsu ya jefo tambaya mai tsawon igiyar rijiya. Na buɗe baki, harshe ya ƙi tashi. Na ji ɗanɗanon jini. Hoekstra ya sunkuyar da kai, irin na wanda ya ce ai na faɗa.

Da ƙyar na fizgo kalmomi: "Mai girma mai tambaya, amsar tana shafi na tamanin da bakwai na kundina. Ɗan rakiyata zai karanta."

An saba sa ɗan rakiya karatu, ba wanda ya hana. Tjeerd ya shiga karantawa a hankali kamar saniya na tuƙa, yana tuntuɓe da kowace doguwar kalma. Ni kuwa na cika baki da ruwa, na riƙe, na haɗiye, na sake. Kafin ya kai ƙarshen sakin layi harshena ya dawo. Na warware wa tsohon tambayarsa zare-zare, ina cikin yi jami'in jami'a mai lura da lokaci ya shigo da sandarsa ya buga ƙasa: lokaci ya cika.

Wurin ɗaukar hoto, takardar digiri na hannuna, Hoekstra ya matso. "Barka, dokta. Ko za ki ɗan haɗa leɓe?"

Na wangale baki har kunne, dasashi duk a waje. Hotunan waɗanda suka gama a barandar sashenmu ake rataye su. Nawa yana daidai ƙofar ofishinsa.