Hantsin Atika

"Fata ɗaya kawai za ku ɗage, Alhaji," in ji Zuwaira, tabarma a hammata. "Nan inda hantsi yake sauka."

Alhaji Ashafa, mai gidan hayar, bai ko ɗago kai ba. Juya fatun awakinsa yake da sanda. Kullum sai ya cika tsakar gidan da su, in sun bushe ya kai kamfanin jima a Challawa.

"Likita ne ya ce a riƙa sa Atika a rana. Ciwon daji ya kwantar da ita a ɗaki, ƙashinta ya yi laushi."

"Allah Ya ba ta lafiya. Amma kamfani ba ya karɓar fata mai laima."

Zuwaira ta ji kamar ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Ita ta yi wa Atika wankan farko shekara bakwai da suka wuce, a wannan gida na Panshekara. Ɗakin iyayen yarinyar na ƙurya, ko taga babu. Ƙofar gida kuwa kwata ce da ƙudaje. Ina za a kai yarinyar da ko ɗaga ta aka yi sai ta yi ƙara?

Hansatu, uwar yarinyar, ta ja mata zane. "Yaya, ki bari. Shi ya samar wa babanta aiki."

Haka aka bari. Matacciyar akuya tana shan rana, 'yar mutum tana leƙen haske ta labule.

Ranar wata Alhamis Atika ta miƙe da kanta, wai za ta taɓa ɗan hasken da ya faɗo bakin ƙofa. Cinyarta ta karye kamar kara. Aka garzaya da ita asibiti, amma gawarta aka dawo da ita.

Washegari Alhaji da bakinsa ya sa aka kwashe fatun kaf, aka share, aka yayyafa ruwa, don masu gaisuwa su sami wurin zama. Har yabonsa aka yi ta yi.

Zuwaira ta ɗebo ruwa. Ta wanke tabarmar Atika, ta shimfiɗa ta daidai wurin da ta roƙa. Babu wanda ya hana ta. Hantsi ya sauka a kai, ruwan ya fara tsanewa daga gefe.