Shatin Bel a Rigar Mai Fenti

Matar mai fenti ba ta taɓa taka wurin aikin mijinta ba, amma babu abin da ake yi a can da ba ta sani ba, don ita ke wanke rigar. In sun shafa shuɗi ta sani, in sun koma ruwan toka ta sani. Da aka kai su wani dogon bene kuma, sai rigar ta fara dawowa da zane: fenti ya yi mata yayyafi ko'ina, ban da layi biyu da suka gitta juna a baya. Mace ce da ba ta ganin abu ta yi shiru, har mijin yake kiranta Sarkin Tambaya. Ya ce mata shatin bel ne, wanda ake ɗaurawa a jiki a maƙala ƙugiyarsa a ƙarfe, ko ƙafa ta zame sai mutum ya tsaya yana reto. Daga ranar ta ƙaunaci layukan nan.

Sai wata rana ta baza rigar, ba layi ko ɗaya. Washegari ma haka.

"Baban yara, a ƙasa kuke aiki yanzu?"

"Ina fa, muna can sama."

"To bel ɗin ne ya daina tare fenti?"

"Ke dai da tambaya! Miƙo min ruwa."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ta yi ta juya zancen tana cuɗa wanki. Tsinkewa ya yi? Sace shi aka yi? Ko tumbin da ya fara ajiyewa ne ya ƙi shiga? Ko kuwa irin ta maza ce, wai bel na matsorata ne? Wannan ta ƙarshen ce ta ba ta haushi, ta zuba abinci a kwano ta kama hanya.

Mai gadi ya ara mata hular kwano, ta ɗaga kai. Can sama ga mutum biyu a kan katakon da bai fi benci faɗi ba. Ɗaya da igiya a bayansa, ɗaya fayau. Marar igiyar mijinta ne, ta gane shi da yadda yake karkata wuya. Mai igiyar kuwa Auta ne, ƙanenta, wanda ita da kanta ta matsa wa mijin sai da ya samo masa aikin nan. Ihu ya zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi, kada ya firgita ya waiwayo. Tsoro ya kama ta sosai. Haka ta tsaya har suka sauko cin abinci.

"Bel ɗaya aka ba mu, mu biyu," in ji mijin, yana kallon ƙasa. "Ɗan kwangila ya ce sauran suna hanya. Ke kika ce amana kika ba ni. In ya faɗo, me zan ce wa Inna?"

"In kai ka faɗo fa, me zan ce wa yaranka?"

Auta ya fara kwance bel ɗin. "Yaya, wallahi kullum sai na ce ya karɓa."

"Mayar da shi," ta ce. "Ban zo zaɓen wanda zan yi wa kuka ba."

Ta juya wajen mai gadi. "Baba, in mutum ya suɓuto daga can, a ina yake sauka?"

Tsohon ya nuna wani wuri kusa da tarin bulo. Ta jawo bokitin fenti da ya ƙare, ta kifa shi daidai nan, ta zauna ta gyara zani.

"To bismillah, ku hau."

Ɗan kwangila ya taho yana kumfar baki, wai wa ya bar mace ta zauna a wuri mai haɗari haka.

"Ashe ka san da haɗari, ranka ya daɗe," ta ce.

Mai fenti ya ɗaga kai ya dubi katakon, ya bi bangon da ido hawa-hawa har zuwa kan hular da ta yi wa matarsa yawa. Kullum yana hawa benen nan, bai taɓa ganin tsawonsa ba sai yau. Ya ajiye burushi, ya jawo bulo ya zauna kusa da ita.