Ɗumi a Bayan Tiyo

Tun da zazzaɓin bara ya tafi da hancin Inna, duniya ta zame mata kamar hoto. Albasa ba wari, sabulu ba ƙamshi, filon marigayi mijinta ma ya koma auduga kawai. Abin yana ci mata rai, amma ta yi gum, don ta san halin 'ya'yan yanzu: ka ce kanka na ciwo, su turo maka gadon asibiti.

Asiri ya tonu ran da Auta ta zo da hantsi, ta sa ƙafa a kicin, ta ja da baya tana toshe hanci.

"Inna, tun yaushe kike zaune cikin warin gas haka?"

"Wane wari?"

Auta ta rufe kan tukunyar gas, ta wangale tagogi. "Yau za ki bi ni gidana. Ɗakinki na nan a gyare."

"A nan na yaye ki, daga nan za a ɗauke ni," in ji Inna. "A toshe inda yake zuba, magana ta ƙare."

Aka kira ƙanin marigayi, mai gyaran firji, wanda bai taɓa shiga gidan ba tare da tsokana ba.

"Matar yaya, an ce hanci ya yi ritaya?"

"Warin takalmanka ne ya kore shi."

Ya ɗan buɗe gas ɗin, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Tiyon kuwa dogo ne, ya bi bango ta ƙarƙashin kantar kicin. Sai ya fito da wata 'yar kyamara kamar kwalin ashana, ya maƙala a gindin wayarsa, ya miƙa wa Inna.

"Riƙe mana. Zafi take gani."

Inna ta leƙa, sai ta ga kicin ɗinta ya nutse cikin ruwa. Komai shuɗi ne: tukwane, kanta, labule, duk suna lilo a hankali kamar a mafarki. Rana ta zubo ta taga kamar narkakken man shanu. Ta manta da gas, ta juya wayar ta ƙofar falo, wajen kujerar da mijinta ke zama. Ita har yau in ta wuce sai ta ji kamar yanzu ya tashi. A cikin wayar kuwa kujerar da bango launinsu ɗaya. Wannan ya yi mata ciwo, ta dawo da wayar kan tiyo da sauri.

"Ni ban ga wani gas ba."

"Ba za ki gani ba," in ji mai firji. "Ƙarama ce, ba irin ta kamfanoni ba. Sai da abu mai ɗumi a bayan gas ɗin, sannan ya fito kamar inuwa, shi ma in an yi sa'a."

Auta ta kai hannu za ta kunna butar lantarki, ya riƙe ta. "Kul. Tartsatsi ɗaya ya ishe mu."

"To Baffa, da me za mu ɗumama?"

"Ke ba mutum ba ce?"

Auta ta goga tafukanta da juna har suka ɗau zafi, ta durƙusa a kan siminti da kayan ofis ɗinta, ta zura hannuwa tsakanin tiyo da bango. Ta riƙa jan su a hankali, Inna na bin ta da waya.

Hannuwan nan biyu suna ci kamar garwashi a cikin shuɗin. Inna ta tuna su ƙanana, suna lalube a wuyan rigarta da zafin barci. Tana cikin kallo, wani siririn abu ya gitta tafin hagu, baƙi-baƙi, yana lanƙwasa kamar hayaƙin kyandir da aka hure. Ya ɓace, ya sake fitowa.

"Tsaya nan," Inna ta ce a hankali. "Ga shi."

Tsaga ce da ba ta kai ƙaya ba. Mai firji ya rufe gas, ya cire tiyon, ya fita sayo sabo yana cewa a dafa masa ladansa. Auta ta dafa bango ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa.

"Kin ci nasara, Inna. An samo. Ba zan matsa miki ba."

Idon Inna na kan waya. Inda Auta ta dafa, shatin tafinta ya zauna a bango, ja, yatsu biyar cif. Tana kallo ya koma ruwan goro, gefensa ya narke, yatsun suka shige ɗaya bayan ɗaya, bango ya koma shuɗinsa. Ta ji tsoron lokacin da za a rufe ƙofa da yamma, ya zama ba kowa a gidan sai ita.

"Ɗakin nan naki," ta ce, "rana na shigarsa?"

"Tun da safe, Inna."

"To sauko min da akwati. Filon babanki ma ki sa a ciki."