Takwas Ya Gaji Ya Kwanta

Kawu ya koyar da lissafi har gashinsa ya yi fari, ya rubuta littafi guda, sannan idanunsa suka mutu. Da ya ji kamfanin ɗab'i ya sa littafin a intanet, sai ya sa 'yar ƙanwarsa ta buɗe masa a waya, irin wadda ke karanta wa makafi rubutu.

Wayar ta karanta gabatarwa tsaf. Da ta iso lissafin farko sai ta ce, "Hoto." Na biyu, "Hoto." Ashe hoton kowane lissafi aka ɗauka aka manna, ita kuwa waya haruffa kawai ta sani.

Kawu ya ɗauki sandarsa sai ofishin kamfanin.

"Ni littafin lissafi na rubuta ko na ɗaukar hoto?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," in ji manaja. "Za mu sa a bayyana kowane hoto da kalmomi."

Aka ba wa mai rubuta musu talla aikin, wata baiwar Allah da rabonta da lissafi tun tana sakandare. Ta zage ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Da aka gama, Kawu ya zauna a falo, matarsa na ninke kaya a gefe, ya kunna waya.

"Wani maciji a tsaye," in ji wayar. "Kusa da shi akwai bene. A sama ekis na ɗauke da ƙaramin biyu a kafaɗa. A ƙasa bakwai ya fake cikin rumfa. Can gefe takwas ya gaji ya kwanta."

"Wayyo, bawan Allah," in ji matar. "Me ya same shi?"

"Ba takwas ba ne! Alamar abin da ba ya ƙarewa ce!"

"To, shi ya sa ya gaji."

Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne duk ya gane lissafin.

Ya koma kamfanin, ya ja kujera kusa da mai tallar, ya ce ba inda za shi. Yana faɗa, tana bugawa alama bayan alama, da haruffan da waya ke iya karantawa. Sun yi faɗa a kan rumfar, don ita ta rantse rumfa ce. Daga baya suka saba, har tana ajiye masa kujerar da ba ta girgiɗi.

Ranar da suka kammala, wayar ta karanta lissafin farko daidai, Kawu ya share hawaye da bakin riga. Manaja ya leƙo yana murna.

"Tunda hannunki ya faɗa, gobe ki fara littafin likitanci."